Tashar Kano da Kumbon Glenn: Wa Zai Gyara wa Mujallu Tarihin Roka?

Ranar Talata, 20 ga Fabrairun 1962, azumi ya kai tsakiya a Kano, hunturu kuma bai gama tattara kayansa ba. Jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya ratsa ta saman ƙasar Hausa cikin ɗan kumbonsa Friendship 7, yana sheƙa gudun da ya kai kilomita 28,000 a awa. Minti ashirin da 'yan kai ke nan da tashinsa daga Cape Canaveral a jihar Florida. Ya leƙa ta taga, ya shaida wa ma'aikatan wata tasha da ke wajen birnin Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka amsa masa cewa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Wannan 'yar hira tana nan a kundin hukumar NASA, kowa zai iya dubawa.

Abin da ya faru ke nan. Amma idan labarin ya shigo majalisar hira, ko ya faɗa hannun marubucin da ke gaggawar cike shafi, sai ya sake kama. Wani ya ce daga Kano aka harba roka. Wani ya ce tashar Kano ce ta yi wa Neil Armstrong jagora har ya sauka a duniyar wata. Wani kuma ya rantse cewa sansanin makamai ne Amurkawa suka ɓoye a daji. A ɗaya gefen akwai ɗimbin Kanawa, har da masu digiri, waɗanda ba su taɓa jin an yi tashar ba. Mantuwa ta ci rabin labarin, ƙarin gishiri yana neman cinye sauran.

Gaskiyar ta fi duk waɗannan daɗin ji. Shirin Mercury shi ne yunƙurin Amurka na farko na kai mutum sararin samaniya. Kumbon ba ya nisa da ƙasa, tsakanin kilomita 160 da 260 yake shawagi, yana kewaye duniya cikin kusan awa ɗaya da rabi. Saboda kusancin nan, duk tashar da ke ƙasa ba ta samun sa sai na 'yan mintuna kafin ya ɓace mata, kuma a lokacin babu taurarin sadarwa da za su ɗauki muryarsa su kai gida. Dole aka jera tashoshi 18 a kan hanyar da zai bi, biyu daga cikinsu a kan jiragen ruwa. Kano ce ta biyar a jerin: kumbo ya bar tsibiran Canary, Kano ta karɓe shi, ta miƙa wa Zanzibar. Garin yana daidai ƙarƙashin hanyar, ga filin jirgin saman da ke karɓar jiragen ƙasashen waje tun 1936. Aka sa hannu a yarjejeniya tsakanin Amurka da Najeriya a watan Oktoban 1960, 'yan makonni bayan samun mulkin kai, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da Firimiya Ahmadu Bello.

Aikin tashar sauraro ne da magana. Tana karɓar bayanan da kumbo ke aikowa ta rediyo, irin su bugun zuciyar matuƙi da numfashinsa, zafin cikin kumbon, iskar shaƙa da man da suka rage, sai a buga su ta wayar tangaraho zuwa cibiyar Goddard a jihar Maryland. Ba ta da dandalin harba komai. Ta yi aiki a shirin Mercury, ta ci gaba a shirin Gemini, aka rufe ta a 1966, shekarar da Gemini ya ƙare. Apollo 11 kuwa sai a Yulin 1969 ya tashi. Duk wanda ya haɗa waɗannan shekarun biyu ya san Kano ba ta cikin waccan tafiyar.

Shi kansa zargin sansanin makamai yana da tushe a tarihin zamanin, kuma ya kamata mai gyara ya san tushen. A Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane cikin hamadar Aljeriya, hankalin mutanen Arewa ya tashi saboda iskar hunturu daga can take busowa, har Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. A Nuwamban 1960 ɗalibai suka yi zanga-zanga a Legas kan yarjejeniyar tsaro da Ingila. A Zanzibar an yi ta adawa da tasu tashar ana kiran ta sansanin roka, bayan juyin juya halin 1964 kuma aka rufe ta. A irin wannan yanayi, ganin Turawa sun kafa eriyoyi a bayan gari ya isa ya haifar da zance.

Tarihin roka ya fi yawancin tarihin kimiyya cika da kurakurai, domin an rubuta shi ne ana tsakiyar gasa tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowanne yana ɓoye abin da zai ba shi kunya. Sobiyet ta ɓoye sunan babban injiniyanta Sergei Korolev har sai da ya mutu a Janairun 1966. Ta ce daga Baikonur take harba rokokinta, alhali dandalin yana Tyuratam, ɗaruruwan kilomitoci daga ainihin garin da ke da wannan suna. Da Yuri Gagarin ya dawo daga sararin samaniya ranar 12 ga Afrilun 1961, an bar duniya ta ɗauka cewa cikin kumbonsa ya sauka, sai bayan shekara goma aka amsa cewa fita ya yi ya sauko da laima. Ranar 24 ga Oktoban 1960 wata roka ta fashe a dandali ta hallaka mutane da dama, ciki har da Marshal Nedelin, aka sanar cewa haɗarin jirgin sama ya yi. Sai a 1989 mujallar Ogonyok ta buga gaskiyar. Karyar nan Laika da aka harba a Nuwamban 1957, an ce ta yi kwanaki da rai, amma a 2002 wani masanin da ya yi aikin ya bayyana cewa zafi ya kashe ta cikin 'yan awoyi. Mujallun da suka buga labaran farko ba ƙarya suka shirya ba, abin da aka ba su suka buga. Matsalar ita ce har yau ana kwafo daga waɗancan tsofaffin shafuka.

Amurka ma tana da nata. Daga 1952 mujallar Collier's ta yi ta buga maƙalolin Wernher von Braun da zane-zane masu ɗaukar ido, ta mai da shi gwarzon tafiya sama. Abin da ba a faɗa ba shi ne yadda aka ƙera rokarsa ta V-2 a Jamus: a cikin ramukan dutse na Mittelwerk, da hannun fursunonin sansanin Dora, inda waɗanda suka mutu wajen ƙera ta suka fi waɗanda ta kashe a Landan da Antwerp yawa. Waɗanda suka tsira daga Dora, irin su Bafaranshe Jean Michel da ya buga littafinsa a 1975, su suka dage sai an mai da wannan babi cikin tarihi. Labari yana iya zama babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa, amma abin da aka tsallake ya ɓatar da mai karatu.

To, wa ke gyarawa? Sau da yawa mai karatu ne, kuma mafi kyawun misali yana da alaƙa da Najeriya ta hanyar da mutane kaɗan suka sani. Geoffrey Perry malamin kimiyyar fiziks ne a wata makarantar sakandare a garin Kettering na Ingila. Shi da ɗalibansa suna sauraron siginar taurarin Sobiyet da tsofaffin rediyoyi, suna lissafa hanyoyinsu a matsayin darasi. A 1966 suka lura cewa tauraron Kosmos 112 ya bi hanyar da ba za ta yiwu daga dandalin da aka sani ba. Perry ya rubuta wa mujallar Flight International wasiƙa, kafin shekarar ta ƙare kuma, da aka harba Kosmos 129, suka ja layukan biyu a taswira suka nuna inda suka haɗu, kudu da birnin Arkhangelsk. Wannan shi ne Plesetsk, dandalin da Sobiyet ba ta amsa cewa yana nan ba sai a 1983. Daga wannan dandalin da 'yan makaranta suka tono aka harba tauraron Najeriya na farko.

Akwai kuma gyaran da ya yi jinkiri har ya zama abin tarihi. Ranar 13 ga Janairun 1920 jaridar New York Times ta yi wa masanin roka Robert Goddard ba'a a sharhinta, tana cewa roka ba za ta yi aiki a inda babu iska ba domin ba ta da abin da za ta tunkuɗa, har ta ce malamin bai san abin da ake koya wa 'yan sakandare ba. Jaridar ce ba ta fahimci Newton ba: roka tana tafiya ne saboda hayaƙin da take fesarwa baya da ƙarfi, rashin iska ma ƙara mata kuzari yake yi. Goddard ya harba rokar farko mai amfani da mai na ruwa ranar 16 ga Maris 1926, ya mutu a 1945 ba a nemi afuwarsa ba. Sai ranar 17 ga Yulin 1969, Apollo 11 yana kan hanyar wata, jaridar ta buga gyara. Shekara 49.

Wanda ya fi kama da halin Kano shi ne na Ostareliya. Fim ɗin The Dish na shekarar 2000 ya bar masu kallo da fahimtar cewa babbar eriyar Parkes ce ta kawo wa duniya hoton takun Armstrong na farko. Tsofaffin ma'aikatan wata ƙaramar tasha, Honeysuckle Creek, suka tashi tsaye da rubuce-rubuce da faifai da littattafan aiki, suka nuna cewa hoton takun daga tasharsu ya fito, sai bayan kusan minti tara aka koma Parkes wadda ta ɗauki sauran shirin. An riga an rushe tasharsu, amma sun hana a rushe labarinta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Idan aka dawo gida, kurakuran da suka fi yawo a rubuce-rubucen Hausa kan wannan fanni ba na mugunta ba ne. Yawanci labari ya bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso, kowane hannu ya rage wani abu. Ana rubuta cewa Glenn ne Ba'amurke na farko da ya je sama, alhali Alan Shepard ya riga shi a Mayun 1961 da tafiyar minti 15 wadda ba ta kewaye duniya ba. Glenn shi ne Ba'amurke na farko da ya kewaye ta, bayan Gagarin da Gherman Titov. Ana cewa daga Houston aka sarrafa tafiyarsa, alhali ɗakin sarrafawa yana Cape Canaveral, Houston sai a 1965 ta karɓi aiki. Ana buga hoton doguwar roka a ce ga tauraron ɗan'adam, alhali roka dako kawai take yi, ta ƙone manta ta faɗo gunduwa-gunduwa, abin da ta ɗauka shi ne ke zama a sama.

Kwanan wata ma yana da tarko. Littattafan Amurka suna cewa Armstrong ya taka wata ranar 20 ga Yulin 1969, kuma daidai ne a agogonsu. A agogon Kano, kumbon ya sauka ƙarfe 9:17 na daren 20 ga wata, amma takun farko sai ƙarfe 3:56 na asubahin 21. Tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1, ya tashi daga Xichang a ƙasar Sin ranar 13 ga Mayun 2007 a agogon Najeriya, a can kuwa an riga an shiga 14 ga wata. Wanda ya rubuta 13 da wanda ya rubuta 14 babu wanda ya yi ƙarya, matuƙar ya faɗi agogon da ya bi. Na NigeriaSat-1, tauraron Najeriya na farko, daban ne: rubuce-rubuce da yawa a Najeriya suna cewa 26 ga Satumban 2003, amma ranar da aka tsara ke nan, an ɗage, rokar Kosmos-3M ta tashi daga Plesetsk da safiyar 27.

Kanun labari mai cewa Najeriya ta harba tauraro shi ma yana bukatar a bi shi a hankali. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera NigeriaSat-1, rokar Rasha ta ɗauke shi. NigComSat-1 Sinawa suka ƙera suka harba, ya lalace a Nuwamban 2008 saboda matsalar fukafukan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. Inda ya kamata a yi alfahari na gaske shi ne NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Surrey, aka harba shi tare da NigeriaSat-2 ranar 17 ga Agustan 2011 daga Yasny a Rasha. Idan aka haɗa su duka aka yi musu yabo iri ɗaya, an tauye wa waɗannan injiniyoyin haƙƙinsu. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da aka kafa a 1999 tana da cibiyar binciken roka a Epe ta jihar Legas, amma har yanzu ba a kai tauraro sama daga ƙasar Najeriya ba.

Wasu kuma sai su wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ce ba a taɓa harba tauraro daga Afirka ba. An harba. Faransa ta kai tauraronta na farko, Astérix, sama daga Hammaguir a hamadar Aljeriya ranar 26 ga Nuwamban 1965. Italiya ta yi ta harbawa daga dandalin San Marco a teku kusa da Malindi ta Kenya tun daga 1967, ciki har da tauraron Uhuru na ranar 12 ga Disamban 1970. Najeriya kuma tana da wata rana tata da ba ta bukatar ƙari: 23 ga Agustan 1963, lokacin da Shugaba Kennedy da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi magana ta tauraron Syncom 2, jirgin ruwan Kingsport da ke tashar Legas yana haɗa layin. Ita ce hira ta farko kai tsaye ta tauraron ɗan'adam tsakanin shugabannin gwamnatoci biyu.

Akwai kurakuran da suka fi waɗannan wuyar cirewa, domin sun shiga zukata. Ciwon idon nan da ake kira afolo, mutane da yawa sun gaji labarin cewa 'yan sama jannati ne suka kwaso shi daga wata. Annobar ta ɓulla a Ghana ne a watan Yunin 1969, Apollo 11 kuwa bai tashi ba sai 16 ga Yuli. Ƙwayar cutar ta duniyar nan ce, masu bincike a Japan suka gano ta farkon shekarun 1970. Haɗuwar lokaci ce kawai ta ba ta suna.

Mafi nauyi shi ne labarin cewa Armstrong ya ji kiran salla a wata, daga baya ya musulunta. Ya bazu a ƙasashen Musulmi farkon shekarun 1980, ya shiga wa'azi da ƙananan littattafai, har yau yana dawowa. A Maris 1983 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a madadinsa, yana musanta labarin tare da girmama addinin, kuma bai sauya magana ba har ya mutu a Agustan 2012. Masu yaɗa shi da kyakkyawar niyya suke yi, amma al'ummar da malamanta suka kafa ilimin isnadi, suka bi maruwaita ɗaya bayan ɗaya suna auna gaskiyarsu da ƙarfin haddarsu, ita ce ta fi kowa cancantar ta ƙi labarin da ba shi da salsala. Ga kuma na gaskiya ana barin su: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sama cikin kumbon Discovery a Yunin 1985, Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya tafi a Oktoban 2007 cikin watan azumi, malaman ƙasarsa suka shirya masa jagora kan salla da alƙibla, Farouk El-Baz na Masar yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren saukar Apollo, ya kuma koya wa matuƙan yadda za su karanta duwatsun wata. Nan kusa, Cheick Modibo Diarra na Mali ya yi aiki a NASA kan tafiye-tafiye zuwa wasu duniyoyi, ciki har da Mars Pathfinder na 1997, kafin ya zama firaministan ƙasarsa a 2012. Shi ma wasu sukan kira shi ɗan sama jannati, alhali daga ƙasa ya yi aikinsa.

Haka abin yake a tarihin da ya fi tsufa. Littafin Hasan al-Rammah, masanin yaƙi na Sham a ƙarni na 13, yana nan da bayanan haɗa albarushi da rokoki. Rokokin Haidar Ali da ɗansa Tipu Sultan na Mysore, masu bututun ƙarfe, sun wahalar da sojan Ingila a Indiya, kuma bayan faɗuwar Tipu a 1799 Turawa suka kwashi samfurinsu, William Congreve ya fito da nasa 'yan shekaru bayan nan. Waɗannan tabbatattu ne. Labarin Lagari Hasan da aka ce ya tashi sama da roka a Istanbul wajen 1633 kuwa, bakin matafiyi guda, Evliya Çelebi, ya dogara a kai. Na Wan Hu, Basinen da aka ce ya ɗaure rokoki a kujera, ba daga tsofaffin littattafan Sin aka same shi ba, mujallar Scientific American ce ta buga wani salonsa a 1909, ya yi ta yawo har aka sa wa wani rami a bayan wata sunansa. Mujalla guda ta saki labari, duniya ta kasa kamo shi.

A Kano, mutanen da suka fi dacewa su kama kuskuren lamba ba lallai ne su kasance a jami'a ba. Suna Sharaɗa da Chalawa da Bompai: masu kula da tukunyar tururi a masana'antun fata, makanikan janareto, masu walda, masu gyaran famfo da bawul, masu haɗa wayar lantarki. Roka a asalinta tankuna ne biyu, ɗaya na mai ɗaya na iskar da ke ƙona shi, da famfo mai ƙarfin gaske, da ɗakin ƙonawa mai bakin mazurari. Wanda ya yi shekara ashirin yana kallon agogon matsin tururi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin fashewar roka. Irin wannan mai karatu shi ne zai tsaya idan mujalla ta ɗauki mil ta rubuta kilomita ba tare da ta juya lissafin ba, ko ta mai da laba kilo, ko ta haɗa miliyan da biliyan. Saturn V da ta ɗauki Apollo tsawonta mita 110 ne, nauyinta da mai kusan tan 2,900. Wanda ke aiki a tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, inda babbar kwantena cike ba ta wuce tan 30 da ɗoriya ba, zai ga nan take cewa ana maganar kwantena kusan ɗari ne a tsaye, kuma idan an rubuta tan 290 ko 29,000 zai san sifiri ya ɓata ko ya ƙaru. Ba ƙaramin abu ba ne: a 1999 NASA da kanta ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan ya karanta da na mita.

Abin da ya rage shi ne ƙofar da wannan mai karatu zai bi. Aikin jarida na Hausa ya taso da al'adar wasiƙu. Tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana buga wasiƙun masu karatu yana amsa su. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 ya raini masu sauraro da Amsoshin Takardunku. Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph a Kano, da Mujallar Fim, da Aminiya, duk sun san darajar mai karatu mai rubutowa. Amma wasiƙun sun fi karkata ga siyasa da gaisuwa da koke kan hanya da ruwan sha, kuma gurbin gyara na dindindin, inda edita zai ce a fitowar da ta gabata an rubuta kaza, daidai shi ne kaza, bai zama ɗabi'a ba. Da jaridu suka koma intanet sai aka samu wata sabuwar hanya mara kyau, a goge kuskure a ɓoye kamar ba a yi ba, alhali an riga an kwafe shi an watsa a WhatsApp. Edita yana jin tsoron gyara zai rage masa daraja. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma mai karatu ya fi yarda da mujallar da ya taɓa gani ta amsa kuskurenta.

Shi ma mai gyara akwai abin da ke kansa. Wasiƙar da ta amfani kowa ita ce wadda ta kawo fitowa da shafi, ta faɗi abin da aka rubuta, ta kawo daidai da inda aka samo shi, ba tare da cin fuskar marubuci ba. Mai gyara yana iya kuskure kamar kowa: wanda ya rubuto yana zargin mujalla don ta ce 14 ga Mayu maimakon 13, bai duba agogon Sin ba, ya ƙara ruɗani ne. Kuma jin abu daga bakin dattijo hujja ce mai daraja a kan abin da ya gani da idonsa, amma ba a kan shekarar da aka rufe tasha ko aikin na'urar da ke cikinta ba. Wannan sai takarda.

Dattawan nan su ne abin gaggawa. Saurayin da ya yi tuƙi, ko gadi, ko gyaran janareto a tashar Kano yana ɗan shekara 20 a 1961, yau ya haura 80. Takardun NASA suna ɗauke da abin da Glenn ya faɗa da abin da aka amsa masa, minti bayan minti, amma ba su ɗauke da yadda aka nemi filin, da abin da masu unguwanni suka ce wa jama'a, da yadda manoman kewaye suka ɗauki eriyoyin da ke juyawa suna bin abin da ido ba ya gani. Wannan yana bakin mutane, wani kuma yana cikin fayilolin gwamnatin Jihar Arewa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo na farkon shekarun 1960. Sashen tarihi na Jami'ar Bayero da hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa suna da ɗalibai da ma'aikatan da za su iya ɗaukar muryoyin a bana. Mujallar Hausa da ta fara buga cikakken labarin tashar, ta kuma roƙi duk wanda ya yi aiki a can, ko mahaifinsa ya yi, ya rubuto ya gyara mata, za ta samu wasiƙun da babu su a kowane kundi na Amurka.